Ondila da batir a Yamai: agogon farashi za a bi ko na ɗaukewar kuran?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Lazaret a Yamai. An haɗa mini pano 8 masu wat 550, da ondila mai kilowat 5 ƙirar Deye, da batirin litiyom biyu, kowane 5.12 kWh. Kontata mai kati ce. Ɗana da ke karatu a Faransa ya ce a can ana cika batir da dare sa'ad da kuran ke da araha, da rana kuma a sayar wa kamfani rarar wuta, na'ura ce ke yin komai da kanta. Yaya zan saita tawa ta yi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai faɗi ƙarya ba. A Faransa kamfanin EDF na da tsarin da ke ware awa 8 na rangwame kowace rana, akwai kuma wanda suke kira Tempo, mai raba shekara zuwa kwana 300 masu sauƙi, 43 matsakaita, 22 masu tsadar gaske. A Ingila har akwai tsarin Octopus da farashinsa ke sauyawa kowane rabin awa. Abu biyu ke riƙe da wannan ciniki: konta mai sanin lokaci, wadda ke ƙirga wutar da ta shiga daban da wadda ta fita daban, da kuma rubutacciyar yarjejeniya da kamfani. Kontarka ba ta da ko ɗaya. Kuɗin kuran na gidaje a wajen NIGELEC mataki-mataki ne, gwargwadon abin da ka sha a wata, don haka kWh na ƙarfe biyun dare da na bayan isha'i kuɗinsu ɗaya. Ondilar taka tana da jadawalin lokaci kuma za ka yi amfani da shi, amma abin da zai bi shi ne lokacin rana da lokacin da ake ɗauke wuta.

Fara da rufe ƙofar fita, yau ba gobe ba. Yawancin kontoci masu kati ba su damu da inda wuta ta nufa ba, duk abin da ya ratsa su cirewa suke yi daga katinka. Ka tura wa layi kWh 6 da tsakar rana, a cire maka kuɗin kWh 6. Wasu ma suna rubuta wutar da ta koma baya a matsayin alamar an taɓa konta, ka ga an jawo magana ba gaira ba dalili. A shafin tsarin aiki na ondilar akwai zaɓi uku a jere: na farko sayarwa, na biyu hana fita ta ma'aunin cikin ondila, na uku hana fita ta zoben CT, wato ƙaramin zoben da ake maƙala wa waya don auna wutar da ke ratsa ta. Idan duk kayan gidan a bayan ondila suke, na biyu ya isa. Idan akwai abin da aka bari a gefen kuran, kamar injin ɗumama ruwa ko kilim na falo, na uku za ka zaɓa don ondila ta riƙa ciyar da su ma. A ko wanne, cire alamar da ke akwatin sayar da wutar rana, sannan ka sa adadin ɗan jan da ondila ke yi daga layi tsakanin wat 20 da 100. Wannan ɗan jan shi ke hana wuta tsallakawa baya a daidai lokacin da firigo ko kilim ya tsaya farat ɗaya. Wat 50 na tsawon yini kWh 1.2 ne, don haka kada ka ɗaga shi fiye da buƙata.

Zoben CT ɗin nan ƙaramin abu ne amma shi ke ɓata aiki da yawa. Wurinsa kan wayar faz ita kaɗai, daf da bayan konta da babbar disjonta, kafin wayar ta rabu ko'ina. Idan mai gyara ya cusa faz da nutur tare a cikinsa, sifili zai riƙa karantawa. Idan an juya shi, ondila za ta ga fita a matsayin shiga, sai ta yi ta tura batirinka waje tana zaton gyara take yi. Bakinsa ya rufe ƙam, kuma idan za a ƙara tsawon wayarsa, a yi da murɗaɗɗiyar waya irin ta intanet, nesa da manyan wayoyin wuta. Gwajin ba wuya: da dare, ka hana batir ba da wuta na ɗan lokaci, ka kunna dutsen guga mai wat 1000. Lambar kuran a allon ondila ta tashi da kusan 1000 a gefen shiga. In ta nuna alamar ragi, juya zoben. Gwaji na biyu da tsakar rana bayan batir ya cika: rubuta abin da ke kan kati, ka dawo bayan awa biyu. Ragin bai kamata ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na kWh ba.

Yanzu ga lissafin gidanka, domin lambobin jadawali daga nan suke fitowa. Pano 8 kilowat 4.4 ne a takarda. Takardar kuwa a zafin digiri 25 aka rubuta ta. A watan Afrilu gilashin pano a rufin kwano na kaiwa digiri 65 zuwa 70, kowane digiri ɗaya na cin kusan kashi 0.35 cikin 100, wato kashi 15 sun tafi tun kafin a zo maganar ƙura da asarar waya. Ka sa ran kWh 17 zuwa 19 a rana mai kyau da wankakken pano. Batir biyu 10.24 kWh ne, amma daga cika zuwa kashi 20 abin da ke hannu 8.2 ne, bayan ondila ta ci nata kuma kusan 7.6 ke isa soket. Ka duba dare a lokacin zafi: kilim ɗaya na ɗakin kwana, a ce wat 800 na awa 8, kWh 6.4, fanka huɗu masu wat 60 na awa 10, kWh 2.4, firigo kusan 1, fitilu da talabijin kusan 0.8; ondila kanta tana shan wajen wat 60 ko ba a kunna komai ba, kusan 0.8 kafin gari ya waye. Jimla ta haura 11. Batirin ba zai kai ka asuba da kilim ba, dole kuran ya ɗauki wani kaso na daren. Abin da za ka zaɓa shi ne wane kaso.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar batir ya fara aiki tun faɗuwar rana ya sauka yadda ya ga dama. Ƙarfe goma sha ɗaya ya kai ƙasa, ƙarfe sha biyu a ɗauke wuta, gida ya kwana cikin zufa da kayan miliyoyi a rataye a bango. Yamma zuwa tsakar dare ne lokacin da layin gari ya fi shan nauyi. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da aka buɗe a 2023, da rana take taimako, kamar ta Malbaza mai megawat 7 a jihar Tawa. Magariba na yi sai nauyin ya koma kan injinan mai da layin 132 kV da ke zuwa daga Birnin Kebbi. Wanda ya zauna a Yamai bayan Najeriya ta yanke wannan layi a watan Agustan 2023 ba sai an yi masa bayanin amfanin ajiya ba.

Ka fahimci yadda jadawalin ke aiki kafin ka taɓa shi. Layi shida ne, kowane da lokacin farawa, da iyakar ƙarfin da batir zai bayar, da kashin caji, da akwatin cika daga kuran. Kashin da ka rubuta bene ne: muddin akwai kuran, batir ba zai sauka ƙasa da shi ba, gida sai ya koma kan konta. Idan ka sa alama a akwatin, ondila za ta ja kuran ta ɗaga batir har zuwa wannan kashi. Da zarar an ɗauke wuta kuwa, jadawalin ya daina aiki, batir zai ba da duk abin da ke cikinsa har zuwa iyakar kashewa. Ke nan benen shi ne guzurin da ka ɓoye wa ɗaukewar wuta. Gida mai kilim a kunne na jan kusan kilowat 1.3, awa huɗu babu kuran na buƙatar wajen 5.6 kWh daga batir, kashi 55 ke nan, ka ɗora kashi 15 na iyakar kashewa da ba a taɓawa, ka samu 70. Ba kilim, kilowat 0.5 ne, kashi 40 ya wadatar.

Daga Maris zuwa Yuni ga abin da zan sa. Layin ƙarfe 1 na dare, kashi 45. Na ƙarfe 5 na asuba, kashi 25, don batir ya sauka ya bar wa rana wurin zuba wuta. Na ƙarfe 9 na safe, 25 ɗin dai. Na ƙarfe 3 da rabi na yamma, kashi 80, kuma shi kaɗai ne za a sa wa alamar cika daga kuran. Na ƙarfe 6 na yamma, kashi 70. Na ƙarfe 10 na dare, kashi 60. A rana ta gari batir ya riga ya wuce 80 kafin la'asar, layin na huɗu ba zai ja ko sisi ba. Ranar da hazo ya rufe gari ne kaɗai zai tashi. Lokutan su bi juna daga ƙarami zuwa babba, in an hargitsa su ondila na iya bin layin da ba shi kake nufi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ba a kwana da kilim, sauke 70 da 60 da 45 su koma 45 da 40 da 30, za ka ga kati ya daɗe.

Me ya sa uku da rabi, ba biyu ba? Agogon Nijar an ɗaura shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Yamai kuwa tana wajen digiri 2. Saboda haka rana ba ta kai tsakiya a nan sai kusan ɗaya saura, wani lokacin ma har ta ɗan gota ɗaya. A Tawa ana riga Yamai da kusan minti 12. Wanda ya kwafo jadawalin wata ƙasa ya sa cika daga kuran ƙarfe biyu, ya sayi abin da rana za ta ba shi kyauta. A kan agogo kuma akwai wani tarko da ya shafe ka kai tsaye: idan yaron ne ya buɗe maka asusun manhajar daga Faransa, duba yankin lokacin da ya zaɓa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faris na gaba da mu da awa ɗaya, ondila kuma na iya ɗaukar lokacinta daga manhajar, sai duk layukan shida su gusa.

Ƙarfin cika daga kuran shi ma a yi masa linzami. Amfiya 40 a kan bolt 53 ya haura kilowat 2, ga asarar ondila a kai. Idan ƙarfin da ka yi rajista da shi kilowat 3 ne, kilim na tashi disjonta za ta faɗi. Amfiya 20 zuwa 25 ya ishe ka: cikin awa biyu da rabi zai ƙara kusan kashi 25 zuwa 30. Akwai kuma saitin iyakance abin da ake ja daga layi, sa shi ƙasa kaɗan da ƙarfin rajistarka. Jinkirin komawa kan kuran bayan an dawo da shi, ɗaga shi zuwa minti uku ko biyar, domin wutar farko takan zo da rawa, wani lokaci ta sake tafiya nan take.

To rarar rana fa, tunda ba sayarwa? A ci ta a gida. Matso da aikin wuta zuwa tsakanin sha ɗaya da huɗu: guga, injin wanki, injin tura ruwa zuwa tanki, firigon ƙanƙara, wanda a watan azumi shi ne ma ke mayar da kuɗi. Kunna kilim ɗin ɗakin kwana daga biyu zuwa biyar da ƙofa a rufe yana rage zafin da bango ya tara, aikinsa na dare sai ya yi sauƙi. Ondilar na iya yin wannan da kanta: mashigar gurup tana juyewa ta zama mafita mai kunna kanta idan batir ya kai, a ce, kashi 95, ta kashe a 85. Ka bar tazarar goma ɗin nan, in ba haka ba injin ruwa zai yi ta tashi yana tsayawa har ya ƙone. Sai dai mashigar ɗaya ce, in gurup na kanta ba za ta yi aiki biyu ba. A nan sai agogon saiti na cikin akwatin disjonta da kontakta mai amfiya 25.

Sai maganar kwamfuta, wadda na san ita yaron ke nufi. Ana yi, kuma ba tsada: Raspberry Pi ko tsohuwar ƙaramar kwamfuta, manhajar Home Assistant ko Solar Assistant, da wayar RS485 zuwa USB, a samu mai kariya tsakanin ɓangarorin biyu saboda tsawar damina. Ana magana da ondila ta Modbus, wato tsarin sadarwar na'urori, a gudun 9600. Kwamfutar da na'urar intanet su sha wuta daga gefen batir. Kada a dogara da manhajar da ke bi ta intanet don ba da umarni, tana da jinkiri, kuma ranar da layi ya yanke ta yanke.

Wata na farko kada ta rubuta komai, karatu kawai. Ta riƙa ajiye ƙarfin kuran kowane daƙiƙa goma. Bayan kwana talatin za ka ga da idonka awannin da unguwarku ta fi rasa wuta da tsawon kowace ɗaukewa, ka gyara 70 da 60 ɗin can da lambobin gidanka maimakon nawa. Wannan rajista ta fi duk wata dabara da za a ɗora daga baya amfani. Bayan nan doka biyu sun isa. Ta farko ƙarfe sha biyu: idan abin da pano suka tara tun safe bai kai kashi 60 na abin da suka saba tarawa a wannan lokaci ba, a matso da layin cika daga uku da rabi zuwa biyu. Ta biyu bayan isha'i: idan an ɗauke wuta fiye da awa uku cikin yinin, a ƙara kashi 10 a benen dare. Hasashen yanayi irin na Solcast ko Forecast.Solar yana da amfani a damina, amma ƙurar hunturu takan ruɗe shi, kuma bai san yaushe aka wanke panonka ba. Na fi yarda da abin da rufinka ya bayar da safe.

Abu uku ke lalata irin wannan aiki. Rubutu barkatai: saitin ondila na zaune a ƙwaƙwalwa mai iyakar yawan rubutu, dokar da ke sauya lamba kowane minti na cinye ta, don haka a rubuta sau biyu ko uku a yini, kuma sai in lambar ta sauya. Rashin dubawa: bayan kowane rubutu a sake karanta wurin a tabbatar ya zauna, domin lambobin rajistar ondila mai faz ɗaya daban suke da na mai faz uku, kuskuren lamba ɗaya na iya taɓa saitin da ba a nufa ba. Na uku, kwamfuta ta mutu ta bar ondila a wani hali na wucin gadi. Maganinsa kada wata doka ta rubuta abin da ba za ka yarda ya zauna mako guda ba, kuma kowace asuba a mayar da jadawalin asali.

Duk wannan ya rataya ne a kan kashin da batir ke faɗa, shi kuwa yakan yi ƙarya. Litiyom irin naka, mai ɗiya 16 a jere, wato ƙananan baturan da ke cikinsa, ƙarfinsa kusan a shimfiɗe yake tsakanin kashi 20 da 90, shi ya sa ba a auna shi da bolt. Allon cikin batir ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita yake yi, kuskure kuma na taruwa. Alamar ita ce batir na nuna 40 sai ya faɗo 10 a lokaci guda. A tabbatar wayar sadarwa ta CAN tsakanin batir da ondila na aiki, kuma aƙalla sau ɗaya a mako ko biyu batir ya cika har 100 ya ɗan zauna, ɗiyan su daidaita, ƙirgar ta koma daidai. In damina ta hana, ɗaga layin la'asar zuwa 100 ranar Juma'a kawai. Wurin ajiya kuma: ba gareji mai rufin kwano ba. Ɗaki mai inuwa da iska, ondila da sarari a sama da ƙasa, a riƙa share ƙurar fankarta, don in ta yi zafi da kanta take rage ƙarfi.

Mai tsohuwar ondila irin ta Voltronic ko Growatt SPF, mai zaɓin SUB (rana, kuran, sannan batir) da SBU (rana, batir, sannan kuran), ba ya da matsalar fitar da wuta. Shi SUB ya fi masa a lokacin zafi, batir ya zauna cike yana jiran ɗaukewa, SBU kuma a lokacin sanyi.

Idan kana da masana'anta ko wani wuri mai taransifoma nasa, kuma takardar kuɗin ta nuna farashin awannin cunkoso daban, ko kuma wata rana hukumar ARSE mai kula da harkar makamashi ta kawo irin wannan tsari ga gidaje, to lissafin ɗanka ya shigo, amma da alƙalami. Wutar da ta shiga batir daga layi ta fito tana rasa kusan kashi 15. Batir kuma na tsufa da kowane zagaye. A ce ka sayi ɗaya jika 800, zai yi zagaye 4000 yana ba da 4.1 kWh kowane karo: kWh 16,400 ke nan, kusan sefa 49 a kan kowane. In farashin rangwame sefa 60 ne a misali, raba shi da 0.85 ka samu 71, ɗora 49, ya zama 120. Sai farashin cunkoso ya wuce 120 kafin cika da dare ya zama riba. Saka naka lambobin a wurin waɗannan. Sayarwa ma haka: rarar pano bayan batir ya cika ita ce ake turawa, abin da ke cikin batir ba a fitar da shi sai kuɗin da za a biya ya haura na sake cika shi haɗe da sefa 49 ɗin. Kafin nan sai an samu izinin kamfani a rubuce da konta mai ƙirga hanya biyu, an kuma gwada cewa ondila na sakin layi nan take idan an ɗauke wuta, saboda ma'aikacin da ke kan fal. A ƙarshen dogon layi, turawa na ɗaga ƙarfin wuta a gidanka, ondila ta kai iyakarta ta sama ta yi ta yankewa da tsakar rana; maganin waya mai kauri ce tsakanin ondila da konta, milimita 10 maimakon 6, ba buɗe iyakar kariya ba.